Gundumar Lafayette Da Garuruwanta: Ƙasar Da Faulkner Ya Ɗebi Labaransa

A shekarar 1936 marubucin nan na Amurka, William Faulkner, ya fitar da littafinsa mai suna Absalom, Absalom!, ya kuma haɗa shi da wata taswira da ya zana da hannunsa. Taswirar wata gunduma ce a Jihar Misisipi wadda ya raɗa wa suna Yoknapatawpha, hedkwatarta kuwa wani gari ne wai shi Jefferson. Ya ba ta faɗin murabba'in mil 2,400, ya ƙidaya mata farar fata 6,298 da baƙar fata 9,313, sa'an nan ya sa hannu a kan cewa shi kaɗai ne mai ita. Duk wanda ya ɗauki taswirar Amurka ya nemi wannan gunduma zai gaji bai same ta ba, domin babu ita. Amma in ya kai yatsansa arewacin Misisipi, kimanin mil 80 kudu maso gabas da birnin Memphis, zai tarar da wata gunduma ta gaske mai suna Lafayette. Kogin Tallahatchie ya bi ta arewacinta, kogin Yocona ya bi ta kudu, garin Oxford kuma yana tsakiya da ginin kotu a dandalinsa, daidai yadda Faulkner ya tsara tasa. Ta gasken ba ta kai sulusin ta littafin girma ba, don ba ta cika murabba'in mil 700 ba.

Abin da suke kira gunduma a can ya yi kama da ƙaramar hukuma. Tana da kotunta, da gidan yarinta, da shugaban 'yan sandan da jama'a ke zaɓa, da majalisar mutum biyar mai kula da hanyoyi da haraji. Tarihin irin wannan ɗan wuri ba ya cika shiga manyan littattafai. Na Lafayette ya shiga ne ta ƙofar adabi, kuma shi ya sa ya cancanci mu marubuta mu san shi.

Ƙasar tun asali ta ƙabilar Chickasaw ce, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a nahiyar. A 1830 gwamnatin Shugaba Andrew Jackson ta kafa dokar kwashe irin waɗannan ƙabilu zuwa yamma da kogin Misisipi, a 1832 kuma aka sa shugabannin Chickasaw suka rattaba hannu a yarjejeniyar Pontotoc, suka sallama fiye da eka miliyan 6. Aka yanka wa magidantansu filaye da sunayensu, 'yan baranda kuwa suna tsaye suna jira su saye a arha. A 1836 aka kafa gundumar, aka sa mata sunan Lafayette, Bafaranshen nan da ya taimaki Amurkawa a yaƙinsu na neman 'yanci daga Ingila. Wasu 'yan kasuwa uku, John Chisholm da John Martin da John Craig, suka sayi fili a hannun wata mace 'yar Chickasaw mai suna Hoka a kan dala 800, suka ba da eka 50 daga ciki kyauta don a kafa hedkwata. Kyauta ce irin ta mai wayo, domin sauran filin da ke kewaye nasu ne. A 1837, shekarar da aka yi wa garin rajista, a ita ce aka fara kora mafi yawan Chickasaw zuwa yankin da ya zama Jihar Oklahoma. Sun tafi sun bar sunayen koguna. Yocona gajartawa ce ta tsohon sunan kogin, wanda Faulkner ya tono a tsofaffin taswirori ya mayar da shi sunan gundumarsa. Shi ya ce ma'anarsa ruwa mai tafiya a hankali cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, masana harshen kuwa sun ce ma'anarsa tsagaggiyar ƙasa. Za mu ga nan gaba cewa fassarar masanan ta fi dacewa da abin da ya sami wurin.

Sunan Oxford da aka sa wa garin tarko ne. Lokacin bai wuce 'yan ɗakunan katako a cikin daji ba, amma masu shi suka ari sunan birnin ilmin nan na Ingila da fatan majalisar jiha za ta kawo jami'arta wurin. Tarkon kuwa ya kama. A 1841 majalisa ta zaɓi Oxford, a 1844 aka kafa jami'ar a doka, a 1848 ta buɗe da ɗalibai 80, kusan dukkansu 'ya'yan masu gandaye. Wannan dabara guda ita ta raba Oxford da 'yan uwanta har yau.

Domin kuwa a farkon zamani ba Oxford ce kowa ya sa wa ido ba. A bakin Tallahatchie akwai wani gari mai suna Wyatt, inda jiragen ruwa ke zuwa da damina su ɗauki auduga su gangara da ita. Mutanensa sun yi mafarkin za su yi gogayya da Memphis. Sai karayar tattalin arziki ta 1837 ta faɗa musu, bankuna suka durƙushe, filayen da aka saya da tsada suka koma ba su da mai so. Da aka zo shimfiɗa layin dogo a shekarun 1850, sai ya haye kogin ta gabas, ya bi ta Abbeville da Oxford da Taylor, ya bar Wyatt a gefe. Shi ke nan, gari ya zama kufai, sunansa kawai ya saura a kan wata mashiga ta bakin ruwa. Abbeville kuwa baƙi ne daga wani yanki mai wannan suna a Karolina ta Kudu suka kafa ta, kusa da inda wani basaraken Chickasaw, Toby Tubby, yake da jirgin fito. Taylor, a kudu, ta yi tashe da cinikin auduga, sai masifu suka yi mata jerin gwano: mummunan haɗarin jirgin ƙasa kusa da ita a 1870, gobarar da ta cinye kasuwarta a 1910, sa'an nan ƙwaron auduga da ya iso bayan 'yan shekaru. Yau mutanenta 'yan ɗaruruwa ne, an fi saninta da wani tsohon kanti da ake soya tarwaɗa a cikinsa, wanda mutanen Oxford ke zuwa ci da yamma. Faulkner ya sa ta cikin littafinsa Sanctuary da sunanta na gaske.

Akwai kuma College Hill, ƙauyen mabiya ɗariƙar Presbyterian, waɗanda suka gina majami'arsu ta jan bulo a shekarun 1840, da wani bene a ciki inda bayi ke zama dabam da iyayengijinsu. A can aka ɗaura auren Faulkner da Estelle Oldham a 1929. Ginin ya tsallake Yaƙin Basasa lafiya, ya shekara fiye da 170 a tsaye, sai gobara ta cinye shi a watan Agusta na 2022.

Bayin nan da aka ware wa bene su ne ƙashin bayan gundumar. Ƙidayar 1860 ta nuna mutum kimanin 16,000 a Lafayette, fiye da 7,000 daga cikinsu bayi ne. Mafi yawansu an koro su ne daga tsofaffin jihohin gabas, wasu tare da iyayengijinsu, wasu a hannun fatake. Su suka sare daji, su suka noma auduga, da guminsu aka ɗora gine-ginen farko na jami'a. Hatta laƙabin da ake yi wa jami'ar har yau, Ole Miss, wanda ya samo asali daga sunan littafin shekara na ɗalibai a 1897, kalma ce da bayi ke kiran uwargidan mai gandu da ita. Mutanen wurin da dama suna faɗinsa da ƙauna ba tare da tunanin inda ya fito ba.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da wannan 'yar gunduma ta shige gaba wajen ɓallewa daga tarayya. Wani lauya kuma malamin jami'a mazaunin Oxford, L. Q. C. Lamar, shi ya tsara takardar ficewar Misisipi daga Amurka a Janairun 1861. Wani ɗan garin, Jacob Thompson, ya ajiye muƙaminsa na ministan cikin gida a Washinton ya dawo ya bi 'yan Kudu. Ɗalibai suka watsar da littattafai suka kafa rundunarsu, har jami'a ta rufe don babu wanda za a koyar. Wannan runduna tana cikin waɗanda aka tura su afka wa sojojin Arewa a fili fetal a Gettysburg ranar 3 ga Yuli, 1863, kuma duk wanda ya shiga harin daga cikinsu, ko dai an kashe shi ko an ji masa rauni.

Yaƙin ya iso gida sau biyu. A Disambar 1862 Janar Ulysses Grant ya mamaye Oxford a kan hanyarsa ta zuwa Vicksburg. Daga nan ne ma ya ba da umarnin nan da ya zame masa abin kunya, na korar Yahudawa daga yankin da ke hannunsa, wanda Shugaba Lincoln ya soke cikin 'yan makonni. Da mahayan Kudu suka ƙone rumbunan kayan yaƙinsa a Holly Springs, tilas ya ja da baya. Zuwa na biyu ya fi muni. Ranar 22 ga Agusta, 1864, sojojin Janar A. J. Smith suka sa wa dandalin Oxford wuta, kotu da kantuna da gidan Jacob Thompson duk suka ƙone. Jami'a ce ta tsira. Ginin kotun da ke tsaye yanzu, fari mai agogo a kansa, a farkon shekarun 1870 aka gina shi.

Labarin gobarar nan kowane yaro farar fata a Oxford ya tashi yana jin sa a bakin kakarsa. Akwai wani labarin na waɗannan shekarun da ba a cika ba shi ba. Duk inda rundunar Arewa ta ratsa, bayi sukan bar gandaye su bi ta, har wasu suka shiga aikin soja. Bayan yaƙi, 'yantattun bayi suka kafa unguwarsu a Oxford, suka sayi filaye, suka gina majami'u da makarantu, suka yi zaɓe. Abin bai daɗe ba. 'Yan ta'addan Ku Klux Klan suka tashi, kuma a 1890 sabon tsarin mulkin jihar ya sa harajin zaɓe da jarrabawar fahimtar doka, waɗanda suka tsame baƙar fata daga rumfar zaɓe har kusan shekara 75. A karkara kuwa aka koma wani tsari: mai gona ya ba ka fili da alfadari da iri, kanti ya ba ka abinci bashi, da kaka a raba amfani, lissafi kuma yana hannun mai gona. Talakawan farar fata ma da yawa sun faɗa wannan rami. Lamar fa? Ya zama ɗan majalisar dattawa, ya zama minista, a 1888 ya zama alƙali a Kotun Ƙoli ta ƙasar da ya yi ƙoƙarin wargazawa, ana yabonsa a kan shi ne gwarzon sulhu tsakanin Kudu da Arewa. Sulhun na farar fata ne da farar fata, an kuwa yi shi ne a kan bayan wasu.

Ita kanta ƙasar ba ta tsira ba. Tuddan Lafayette ƙasa ce mai laushi wadda ba ta jure ruwa in an tone ta. Tun 1860 wani masanin ƙasa a jami'ar, Eugene Hilgard, ya yi gargaɗi a rahotonsa cewa noman auduga shekara da shekaru ba hutu zai kashe gonakin. Ba a ji ba. Kafin ƙarshen ƙarnin gonaki sun tsattsage sun zama jajayen kwazazzabai, wasu za su haɗiye gida, yashi kuma ya cike koguna har ambaliya ta zama ta kowace shekara. Sai a shekarun 1930 da 1940 gwamnatin tarayya ta sa hannu: ta sayi gonakin da suka mutu ta mayar da su gandun daji na Holly Springs a 1936, ta gama madatsar ruwa ta Sardis a kan Tallahatchie a 1940, daga baya aka dasa miliyoyin itatuwa a kan tuddan. Baƙon da ya ratsa gundumar yau ya ga daji kore shar zai ɗauka haka Allah ya bar ta, alhali yawancinsa dashe ne a kan tabo.

Cikin wannan hali aka kawo Faulkner Oxford yana gab da cika shekara biyar, a 1902. Bai gama sakandare ba, jami'ar ma shekara guda da 'yan watanni ya yi ya bari. An ba shi riƙon gidan waya na jami'a daga 1921 zuwa 1924, ya riƙa karatu da karta a bakin aiki yana barin wasiƙun mutane a zube, har ya ajiye aikin kafin a kore shi. Mutanen gari suka yi masa laƙabin da ke nufin basarake marar amfani. A 1925 a birnin New Orleans wani marubuci da ya girme shi, Sherwood Anderson, ya ba shi shawarar ya koma ya rubuta ɗan yankin da ya sani. Littattafansa biyu na farko ba su shafi gida sosai ba. Daga na uku, Sartoris, a 1929, ya koma gida bai sake yin nisa ba sai jefi-jefi. As I Lay Dying ma a gidan wutar lantarki na jami'a ya rubuta shi cikin kimanin mako shida, lokacin yana aikin dare a wurin.

Abin lura shi ne irin kayan da ya ɗeba. Garin yana da tarihin da ya zaɓa wa kansa, ya kuma sassaƙa shi da dutse: mutum-mutumin sojan Kudu a harabar jami'a a 1906, wani kuma a gaban kotu a 1907. Faulkner ya san wannan tarihi, yana kuma ƙaunarsa, domin kakan mahaifinsa kanar ne a rundunar Kudu. Amma ya haɗa da abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa a barandar kanti da ɗakin girki: yadda aka karɓe filin Chickasaw, da 'ya'yan da iyayengiji suka haifa da bayinsu suka ƙi karɓa, da littattafan bashi na kantin gandu. Da yawa ya ji su ne daga bakin Caroline Barr, tsohuwar da aka haifa cikin bauta ta kuma rene shi, wadda ya sadaukar wa Go Down, Moses bayan rasuwarta a 1940. Sa'an nan akwai abin da ya faru a Satumbar 1908, yana gab da cika shekara 11. An zargi wani baƙar fata, Nelse Patton, da kashe wata farar mace. Taron jama'a suka fasa gidan yari suka kashe shi, suka rataye gawarsa a tsakiyar gari. Wanda ya zuga su tsohon ɗan majalisar dattawan Amurka ne, W. V. Sullivan, ya kuma yi alfahari da haka a gaban 'yan jarida. Masu nazari da dama suna ganin inuwar wannan dare a ƙarshen Light in August na 1932.

Mutanen Oxford ba su gode masa ba. Suna ganin ya tona asirin gida ya sayar wa 'yan Arewa, kuma kafin 1945 yawancin littattafansa sun ɓace daga kasuwa. Sai da Malcolm Cowley ya tattara zaɓaɓɓun rubuce-rubucensa a 1946, ya jera su bisa tarihin gundumar, sa'an nan Amurkawa suka gane cewa aiki guda ne mutumin yake ginawa. A 1950 aka miƙa masa kyautar Nobel ta shekarar 1949. Ban ga dalilin wanke shi tas ba. Mutumin da ya ga zaluncin sarai a cikin ƙagaggen labari, da aka zo maganar haɗa makarantu a 1956 sai ya shawarci baƙar fata su bi a hankali, har James Baldwin ya mayar masa da martani mai zafi, yana tambayar shekara nawa kuma za a ƙara jira. Alƙalaminsa ya fi bakinsa gaskiya.

Ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1962, aka binne shi a Oxford. Bai cika wata uku a kabari ba gundumar ta shiga labaran duniya. Wani tsohon sojan sama baƙar fata, James Meredith, ya ci nasara a kotu a kan sai jami'a ta ɗauke shi, gwamnan jihar, Ross Barnett, ya ce ba za a yi ba. Daren 30 ga Satumba dubban mutane, ɗalibai da 'yan waje, suka kewaye jami'an tarayya a gaban tsohon ginin nan na 1848 da duwatsu da bindigogi. Aka kashe mutum biyu, ɗaya ɗan jaridar Faransa ne mai suna Paul Guihard, aka raunata jami'ai fiye da 100. Shugaba Kennedy ya turo dubban sojoji, kusan shekara 100 bayan zuwan Grant. Da gari ya waye Meredith ya yi rajista, ya kuma karɓi digirinsa a Agustan 1963.

Oxford ta yau ta yi arziki da abubuwa biyun da ta taɓa jin kunyarsu ko tsoronsu, wato marubucinta da buɗaɗɗiyar jami'a. Gidansa, Rowan Oak, wanda ya saya a 1930 yana zuba, jami'a ta saye shi a 1972, masu ziyara na zuwa daga ko'ina. Tun 1974 ake taron shekara-shekara a kan ayyukansa. A 1997 aka kafa masa mutum-mutumi a dandali, har aka yi rigima don an sare wata bishiya an ba shi wuri. Gundumar ta sake haifar wani marubucin, Larry Brown, ɗan kwana-kwana da ya koya wa kansa rubutu, ya sha mayar masa da labarai shekara da shekaru kafin littafinsa na farko ya fito a 1988. Ƙidayar 2020 ta ba gundumar mutum fiye da 55,000, baƙar fata kuwa, waɗanda a da suka kusa rabi, sun koma ƙasa da rubu'i, domin dubbai sun yi ƙaura zuwa Memphis da Shikago tun auduga na mutuwa.

Gardamar wane tarihi za a sa a dandali ba ta ƙare ba. A Yulin 2020 jami'a ta ɗauke mutum-mutumin sojanta ta kai shi maƙabartar sojojin Kudu da ke gefen harabarta, amma a watan nan majalisar gunduma ta kaɗa ƙuri'a a bar na gaban kotu inda yake. Kafin wannan, a 2018, wasu mazauna gundumar, baƙi da farare, sun kafa allon tunawa da Elwood Higginbottom, manomin da ya harbe wani farar fata da ya jagoranci mutane zuwa gidansa da dare. A Satumbar 1935, ana cikin jiran hukuncin kotu, aka fitar da shi daga gidan yari aka rataye shi a bayan gari, iyalinsa suka gudu daga gundumar ba su koma ba. Ɗansa, wanda yake da shekara huɗu a lokacin, ya zo daga Memphis ya halarci buɗe allon yana da shekara 87.